Mashin da ke Hannun Saul

Karatu: 1 Sama'ila 18:6-11

Michael Phelps, gwanin ninkaya na Amurka, ya ci lambobin zinariya 23 a gasar Olamfik. Ba wanda ya taɓa kai haka. Amma da bakinsa ya faɗa cewa bayan gasar Landan ta 2012 ya kulle kansa a ɗaki kwana da kwanaki, rayuwar ma ta fita ransa. Zinariya ba ta ƙosar da shi ba.

Sarki Saul ma, ranar da zuciyarsa ta ɓaci, nasara aka yi. Mata suka yabe shi a waƙa, sai dai yabon Dawuda ya fi nasa. Kashegari ya jefi yaron da mashi, yaron da ke yi masa kiɗa don ya sami sauƙi!

Ciwon nan ya shigo ikilisiya. Shugaban mawaƙa ya kunyata yarinya gaban jama'a don muryarta ta kauce sau ɗaya. Fasto na ƙirga kujerun majami'ar maƙwabcinsa. Ɗan'uwana, da wa kake tsere? Tun kana mai zunubi Yesu ya mutu dominka, ba ka ci gasar komai ba.

Addu'a: Ya Uba, ka karɓe mashin nan daga hannuna, ka koya mini murna da baiwar ɗan'uwana. A cikin sunan Yesu, Amin.