Ɗana, Ajiye Tsumagiyar Nan

Ɗana, na ga abin da ka yi wa kwikwiyon nan jiya da la'asar. Mai babur ya wuce ƙofar gida da ƙara, shi kuma ya ruga ya shige ƙarƙashin rumbu. Ka jawo shi da igiya ka zuba masa tsumagiya, kana cewa an sayar maka da rago. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Ba a cuce ka ba. Watansa bakwai kacal, kuma lokacin tsoronsa ne ya zo.

Masana halayyar karnuka sun lura da zangon tsoro guda biyu. Na farko yana zuwa tsakanin mako 8 da 11, daidai lokacin da muke raba kwikwiyo da uwarsa mu kai shi baƙon gida. Na biyu yana faɗowa tsakanin wata 6 da 14, yakan ɗauki mako biyu ko uku, kuma karnuka masu babban jiki sukan makara kafin su shige shi. Sai ka ga karen da jiya yake wasa da buhu, yau ya ga buhun nan ya noƙe wutsiya yana gurnani. A Amurka, John Paul Scott da John Fuller sun shafe shekara 13 suna nazarin kwiyakwiyai, suka fitar da littafinsu a 1965, inda suka nuna cewa daga mako 3 zuwa 12 ne kare ke ƙulla sabo da mutane.

Naka kuwa jinsin kiwo ne na Jamus, wanda Max von Stephanitz ya kafa a 1899 don tsaron garken tumaki. An zaɓe su ne saboda kaifin kunne da sa ido, motsi kaɗan ba ya wuce su. Wannan baiwar da ta sa ka saye shi, ita ce ke firgita shi yanzu, don yana ganin komai amma bai riga ya san wanne ne haɗari ba. Abin da ya razana shi a 'yan makonnin nan yana iya zaunawa a ransa har tsufa. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Na san abin da wasu samari ke faɗa a nan Dagumawa, wai a ɗaure shi a duhu, a riƙa dukansa, a hana shi ganin mutane don ya yi zafi. Kada ka saurare su. Karen da aka raina da duka ba ɓarawo zai tara ba. Almajirin da ya zo bara zai ciza, ko ɗan maƙwabcinka.

In ya tsorata, janye shi nesa da abin, ka tsuguna kusa da shi, ka yi masa magana a tausashe. Bar shi ya matso da ƙafarsa ya shinshina. In ya yi taku ɗaya, jefa masa ɗan busasshen kifi. Kada ka ja shi zuwa Karar Wudil ranar Juma'a wai ya saba da hayaniya. Kukan shanu da hon ɗin tireloli sun fi ƙarfinsa yanzu. Ka kuma tsawata wa yaran da ke jifansa.

Addini ya halatta riƙon kare don kiwo da farauta da tsaron gona, kuma ka san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Amana ce ka ɗauko.

In ba a yi masa allurar rigakafin haukan kare ba, wadda ake farawa tun yana wata 3, kai shi wurin likitan dabbobi a makon nan. In ka ga ya ƙi abinci yana dalalar da miyau, wannan ya wuce tsoro: killace shi, ka kira likita nan take.

Yau da yamma ka ɗauki tabarma ka zauna kusa da rumbun nan, ɗana, ka jira har ya fito da kansa.