Da Sauran Wasa

'Yan'uwana masu ci da guminku, ku ba ni aron hankalinku, zan kai ku filin tanis.

A wasan tanis na ƙwararru akwai wata doka da nake so kowane mai sana'a ya sani. Makin da ɗan wasa ya samu a gasa mako 52 kawai yake yi a cikin lissafi, da shekara ta zagayo sai a goge shi. Wanda ya ɗauki kofin Wimbledon yana tashi da maki 2,000, amma baɗi war haka, in bai dawo ya kare kambunsa ba, makin ya tafi, ko shi wane ne. Wasu na ganin dokar ta yi tsauri. Ni kuwa rahama nake gani a cikinta, domin yadda nasarar bara ba ta ciyar da kowa bana, haka faɗuwar bara ba ta bin kowa bashi. Kakar wasa tana buɗewa a Ostareliya a watan Janairu, ta bi ta kan jar ƙasar Faris, ta hau ciyawar Landan. Kafin Yuli ya ƙare an ci rabin shekara da ɗoriya, kowa ya duba inda sunansa yake a jerin gwanaye. Abin da aka gani a wannan tsakanin a 2025 ya isa ya tashi wanda gwiwarsa ta yi sanyi.

Ku fara da Loïs Boisson, 'yar Faransa. A watan Mayun 2024 an riga an ba ta gurbin alfarma a gasar Roland Garros ta Faris, gasar da duk yaron da ya tashi da tanis a ƙasar yake mafarkinta. Saura kamar mako guda a fara, jijiyar gwiwarta ta hagu ta tsinke tana tsakiyar wasa. Aka yi mata aiki, ta shafe kusan wata tara ba ta shiga gasa ba. Ku tsaya a kan watannin nan, don a nan aikin yake. Babu 'yan kallo, babu tafi, babu kuɗin gasa, sai lanƙwasa ƙafa da miƙewa, yau a taka da sanda, gobe a gwada ba sanda, ga makin da ta tara yana zubewa mako bayan mako. Da ta dawo Faris a 2025 tana ta 361 a duniya. Ta fitar da Elise Mertens a zagayen farko. A zagaye na huɗu ta kayar da Jessica Pegula, ta uku a duniya, ta bi da Mirra Andreeva, ta shida. Sai a wasan kusa da na ƙarshe Coco Gauff ta tare ta. Cikin mako biyu ta tashi daga ta 361 ta koma ta 65.

Kada ku ɗauka daga nan hanya ta miƙe. Masu Wimbledon ba su ba ta gurbin alfarma ba, ta shiga wasannin share fage, aka cire ta tun a wasan farko. Ba ta zauna tana lissafin wanda ya hana ta ba. Ta koma kan jar ƙasar da ta fi sani, a watan Yuli ta ɗauki kofin Hamburg a Jamus, kofinta na farko a babban mataki.

Kai tela da kekenka ya lalace ana dab da Sallah, ke malamar asibiti da jinya ta kwantar da ke har aka ba wata gurbinki, kai direba da motarka ta yi watanni a gareji, ku nake wa wannan magana. Kwanakin da kuke gyara a ɓoye, ba mai gani ba mai yabo, suna cikin lissafi. Ku tashi ku ci gaba da su.

Sai Tatjana Maria, Bajamushiya, mai shekara 37 a lokacin, uwar 'ya'ya mata biyu, mijinta ne mai horar da ita. Ta iso gasar Queen's a Landan a watan Yunin 2025 tana ta 86, bayan ta jera wasanni ana doke ta. Ta share fage ta shigo. Abin da ya fi burge ni shi ne salonta. A zamanin da kowa ke dukan ƙwallo da iya ƙarfinsa, ita yanka ta take yi ta ƙasa, ƙwallon ta tafi a kwance, ta sulale a kan ciyawa ba ta tashi, har abokiyar karawa ta gaji da durƙuso. Da wannan tsohon salo ta kayar da Elena Rybakina, wadda ta taɓa ɗaukar Wimbledon, da Madison Keys, wadda ta ɗauki kofin Ostareliya a waccan shekarar, ta ɗaga kofi 'ya'yanta na kallo daga gefen fili. Dattijon da ake ce wa hannunsa ya tsufa, yara sun zo da sabon yayi, ya riƙe abin da ya ƙware a kai, ya ƙara wasa shi.

Manya ma ba su tsira ba. Ranar 8 ga Yuni, a wasan ƙarshe na Faris, Jannik Sinner na Italiya ya samu dama uku a jere, maki ɗaya kacal tsakaninsa da kofi. Duka suka kuɓuce. Carlos Alcaraz na Sifaniya ya ƙwace wasan bayan awa 5 da minti 29. Mako biyar bayan haka suka sake haɗuwa a Wimbledon, Sinner ya rasa turmin farko, ya cinye uku a jere, ya zama ɗan Italiya na farko da ya ɗauki wannan kofi.

Na san akwai wanda zai karanta wannan ya ce shi tasa ta wuce faɗuwa, kunya ya sha a gaban jama'a: kwangila ta lalace a hannunsa, ko jari ya karye kowa a kasuwa ya sani. Ɗan'uwa, ga Amanda Anisimova ta Amurka. A 2023 ta ajiye wasa na watanni saboda gajiyar zuciya. A 2024 ko share fagen Wimbledon ba ta tsallake ba. A 2025 ta kai wasan ƙarshe, ranar da ta fi kowace rana a sana'arta, sai Iga Swiatek ta Poland ta yi mata 6-0, 6-0 cikin ƙasa da awa guda, duniya na kallo. Ta yi kuka, ta tsaya a gaban makirufo ta gode wa mahaifiyarta, ta koma atisaye. Ba a cika wata biyu ba suka sake gamuwa a New York, a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe, ta doke Swiatek 6-4, 6-3.