Wa Ke Da Alhakin Tartsatsi?

A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar fetur da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar da muke bi kullum tsakanin Kano da Haɗeja. Fetur ya malale a kwata, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, can sai wuta ta tashi. Sama da mutum 150 suka rasu, aka kwashi waɗanda suka ƙone zuwa asibitocin Ringim da Haɗeja da wasu wurare.

Da gari ya waye, magana biyu muka riƙa yi a majalisu da wayoyinmu. Wasu suka ce ganganci ne, wa ya aike su ɗibar fetur? Wasu suka ce kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Kowace da gaskiyarta, amma dukansu suna rufe zance da wuri, su sallame mu kowa ya kama gabansa. Tambayar da suka bari ita ce: idan neman abinci ya kai mutum inda wuta ke iya tashi, shi kaɗai ne ke da alhakin ransa?

Masu haƙar kwal sun riga mu fuskantar wannan tambaya. A cikin ramin kwal akwai wata iskar gas da ke tsatsowa daga jikin dutse, ba ta da launi ba ta da wari. Idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar ramin, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashi wurin, kamar yadda tururin fetur yake yi. A 1812 irin wannan fashewa ta kashe mutum 92 a ramin Felling da ke arewacin Ingila, ciki har da yara. A lokacin da kyandir ake shiga rami, ana ta gargaɗin leburori su yi hattara. Gargaɗin bai hana komai ba, domin ba a haƙa a cikin duhu.

A 1815 Humphry Davy ya fito da fitila wadda aka kewaye harshen wutarta da ragar waya mai ƙananan idanu. Gas na iya shiga ya kama a ciki, amma ragar tana shanye zafin, wutar ba ta fitowa waje. A kan irin wannan tunani aka gina na'urorin lantarki na ramukan haƙar ma'adinai na yau. Ana kulle inji ko makunni a cikin akwatin ƙarfe mai kauri, mahaɗansa kuma a matse, ta yadda ko abu ya fashe a ciki, kafin hucin ya fito ya riga ya huce. Wasu na'urorin kuma rage musu ƙarfin lantarki ake yi, har tartsatsinsu ya kasa kunna komai.

Abin lura a nan shi ne abin da maƙerin akwatin ya amince da shi tun farko. Ya yarda gas zai shiga. Ya yarda waya za ta yi tartsatsi, lebura zai gaji, zai manta, zai yi sauri saboda ana biyansa da yawan abin da ya haƙo. Bai tsaya jiran mutumin da ba ya kuskure ba, sai ya shirya wurin yadda kuskure ba zai zama kabari ba. Wannan tausayi ne, kuma sanin halin ɗan Adam ne.

Mu mutanen fadama bai kamata wannan ya zame mana baƙon tunani ba. Duk damina mun san kogin Haɗeja zai kawo ruwa, mun san kacala ta toshe masa hanyoyi, mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gonaki da gidaje. Ba wanda yake zuwa bakin kogi ya yi masa nasiha. Jinga muke yi, a cika buhuna da ƙasa, a fito gayya, matasa su kwana suna gadi. Kuma ba mu taɓa jin wanda ya ce yin jinga rashin tawakkali ne ba. To me ya sa idan maganar wuta ce ko rami, sai mu tsaya a kan ƙaddara, mu manta da jinga?

Wataƙila dalilin shi ne ruwa ba ya zaɓen gida, yana cin na mai kuɗi da na talaka, shi kuwa rami talaka kaɗai yake ci. Wanda ke da ikon sayen kayan kariya ba shi ne ke shiga ramin ba. A ranar 14 ga Oktoba, 1913, ramin kwal na Senghenydd a yankin Wales ya fashe, ma'aikata 439 suka mutu, ana kuma kyautata zaton tartsatsin wayar ƙararrawa ne ya jawo. Ramin ya taɓa fashewa a 1901 ya kashe mutum 81. Bincike ya gano an karya dokokin kiyaye lafiya, amma tarar da aka ci manajan fam 24 ce, kamfanin kuma fam 10. Muddin ran ma'aikaci ya fi akwatin ƙarfe araha, mai rami ba zai sayi akwatin ba sai an tilasta masa.

Akwai kuma wani darasi mai ɗaci. Da fitilar Davy ta samu, masu ramuka suka sake buɗe wuraren da aka gudu aka bari saboda yawan gas, suka tura mutane ciki. Kayan kariya a hannun mai haɗama sai ya koma hujjar ƙara nutsa bayin Allah cikin haɗari. Ashe na'ura kaɗai ba ta wadatar, sai an haɗa da tsoron alhaki da doka mai haƙora.

Wani zai ce Jigawa ba ƙasar kwal ba ce. Haka ne, amma muna da masu haƙar rijiya da ke sauka inda iska ta ƙare, wani lokaci har a zura musu injin fetur ya cika ramin da hayaƙi. Muna da masu fasa dutse, da 'yan bumburutu da ke kwana ɗaki ɗaya da jarkoki, da manoman rani da ke zuba wa injin ban ruwa mai yana da zafi. Matasanmu kuma suna tafiya ci-rani wuraren haƙar zinare, irin na Garin Liman a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, inda rami ya rufta a Nuwamban 2021 ya kashe aƙalla mutum 18.

Ba mu wanke wanda ya ɗauki bokiti ya nufi tanka ba, domin hankali amana ne, kuma in kunne ya ji jiki ya tsira. Amma alhaki gwargwadon iko yake. Mai motar da ya san halin da take ciki, da jami'in da ya duba ta ya sa hannu, da mai ramin da ya ƙi sayen na'urar gwada iska, da mu da muka kira mai haƙar rijiya muka yi ta cinikin ladansa ba mu tambayi ingancin igiyarsa ba, kowa da kasonsa. Ajali a hannun Allah yake, ba mu da ta cewa a kansa. Abin da za a tambaye mu shi ne abin da aka damƙa mana, ko mun yi jingar kafin ruwa ya zo.

Allah ya jiƙan mutanen Majiya, ya ba iyalansu haƙuri.