In Azzalumi Ya Mutu ta Hanyar Yaudara



Ranar nan bayan sallar Isha'i muna zaune a ƙofar masallaci, hira ta kai mu ga Buharin Daji. Wani matashi ya ce, "Malam, ai wanda ya kashe shi jihadi ya yi." Na yi shiru, amma maganar ta kwana da ni.

Ga wanda ya manta, Buharin Daji shi ne ƙasurgumin ɗan bindigar da ya addabi Zamfara. Ba soja ne ya kashe shi ba. A watan Maris na 2018 yaronsa Dogo Giɗe ya gama da shi, bayan saɓani a kan shanun surukin Giɗe da aka kora. Zaman sulhu ya je, bai komo ba. Aka kai gawarsa Gusau, mutane suka yi ta murna.

Irin waɗannan mutane baƙo ba ya iya fito da su daga maɓoya. Sai wanda suka ci tuwo a kwano ɗaya, wanda in ya buga waya ake ɗauka, wanda ya san rantsuwar da ke kwantar da hankali. Ni ma a kasuwar Potiskum, wanda ya taɓa cin kuɗina shi nake bai wa ajiyar makullin shago.

To, mu yi murna? Ban ce a yi kukan Buhari ba, zawarawa da marayun da ya jawo Allah kaɗai Ya san adadinsu. Amma abin da muka karanta a fiƙihu shi ne, in ka bai wa mutum aminci, ko abokin gaba ne a fagen yaƙi, jininsa ya haramta gare ka har ya koma inda ya fito. Kuma hukuncin ɗan fashi a hannun hukuma yake, ba hannun abokin fashinsa ba.

Sannan ku dubi abin da ya biyo baya. Giɗe ne ya gaji dajin, kuma sunansa aka ambata da aka kwashe ɗaliban Birnin Yawuri a Yunin 2021. Mu a Mamudo mun san zafin a taɓa 'yan makaranta tun 2013.

Washegari na faɗa wa yaron haka. Ya ce, "To Malam, da a bar shi ya yi ta kisa?" Na ce a'a, a kama shi, alƙali ya yanke. Ya yi dariya, ya ce wane alƙali ne zai shiga dajin.