Kafin Faci Ya Isa Hannun Jama'a

A shagunan gem na Minjibir, wasan ƙwallon kamfanin Konami na ƙasar Japan, wanda aka fi sani da PES, yana cikin abubuwan da ke tara samari bayan la'asar. Sai dai Kano Pillars ba ta cikin ƙungiyoyin da kamfanin ya zuba a wasan. Masoya ne ke cike wannan giɓi da kansu. Su zana rigar Masu Gida, su shigar da sunaye irin su Rabi'u Ali da Ahmed Musa, su yanka wa kowane ɗan wasa gudunsa da ƙarfin bugunsa, sannan su juye wannan gyaran, wato faci, a memori.

Abin lura shi ne abin da mai hankali ke yi kafin ya sake wa mutane aikinsa. Da farko yakan adana tsohon wasan a gefe, don in sabon ya lalace a sami abin komawa. Sai ya ɗora facin a na'ura ɗaya tak, ya buga wasa tun daga usur na farko har a tashi. Yana duba ko rigar ta saje da ta abokan karawa, ko an jefa mai tsaron gida cikin 'yan gaba, ko allo zai ƙame in an zo canjin ɗan wasa.

Akwai kuma aibin da shi kansa ba zai gani ba. So yakan sa ya cika wa Pillars ƙarfi har ta riƙa lallasa Barcelona ba gumi, daga nan kuwa babu wanda zai yarda ya kara da ita. Maganin wannan shi ne ya miƙa wasan ga magoyin bayan wata ƙungiya, ya ce masa: “Malam, buga ka faɗa min gaskiya.”

Haka wasu manyan wasanni suka taso. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin ƙarin da Minh Le da Jess Cliffe suka gina a kan wasan Half-Life. Sun yi ta fitar da shi kashi-kashi don gwaji, masu bugawa suna nuna kurakurai ana gyarawa, kafin kamfanin Valve ya karɓe shi a 2000.

Mutumin Minjibir ba baƙo ba ne ga wannan tsari. A gonar gwaji ta cibiyar binciken noma ta IITA da ke yankin, sabon irin wake yakan yi damuna bayan damuna a ƙananan filaye, ana auna yabanyarsa da juriyarsa ga ƙuduji da ƙwari, kafin a yarda ya shiga gonar manomi. Dalili kuwa a fili yake: in iri ya ƙi, manomi ne zai kwana da yunwa, ba mai bincike ba.

A shagon gem ma yaron da ya biya kuɗinsa ne ke asara in wasa ya tsaya cak ana tsakiyar fafatawa. Saboda haka gwaji haƙƙi ne na wanda zai yi amfani da abin. Duk wanda ya ƙirƙiri wani abu don jama'a, ƙarami ko babba, ya fara jarraba shi inda ɓarna ba za ta yaɗu ba, ya kuma nemi mai dubawa wanda ba zai ji nauyinsa ba. In an nuna masa kuskure, ya yi godiya ya koma ya gyara.