Zumunci a ƙafa yake

Hausawa ba su yarda da zumuncin fatar baki ba. Wanda yake sonka zai tako ya zo, ranar suna da ranar makoki. To, idan yaƙi ya datse hanya fa, aka ce mai tsallakawa maci amanar ƙasarsa ne? A nan ake gane nauyin karin maganar, kuma labarin Joseph Banks, shugaban ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan daga 1778 zuwa 1820, ya isa misali.

A 1791 Faransa ta tura jiragen ruwa ƙarƙashin d'Entrecasteaux su nemo La Pérouse da ya ɓace a teku. Cikin tawagar akwai masanin tsirrai La Billardière, wanda ya tara ganyaye da furanni a gaɓar Ostireliya, har da dangin bishiyar turare. Da suka isa Jaba a 1793 suka tarar an kashe sarkinsu, Turai ta kama da wuta. Aka tsare La Billardière, aka ƙwace akwatunansa, daga baya sojojin ruwan Ingila suka kama jirgin da ke ɗauke da su. Ganimar yaƙi ke nan, a hannun abokan gaba.

Abin da ya sa lamarin yake taɓa ni shi ne, Banks kansa yana da dalilin ƙwaɗayin waɗannan akwatuna. Shi ma ya tsinci tsirrai a Ostireliya a 1770 tare da Kyaftin Cook, kuma bai taɓa buga nasa babban aikin ba. Duk da haka ya yi ta zirga-zirga wajen hukuma har aka mayar wa Bafaranshen kayansa a 1796, ana tsakiyar yaƙi. Da su La Billardière ya rubuta littafinsa kan tsirran Ostireliya, wanda ya fara fitowa a 1804. Takun da Banks ya yi tsakanin ofisoshin Landan shi ne ƙafar zumuncin, ko da yake teku da bindigogi sun raba su.

Faransawa sun rama alheri: cibiyar masanansu ta zaɓi Banks mamba, ya karɓa da godiya, wasu 'yan ƙasarsa suka yi masa ca a jaridu. Zumunci yana da kuɗin fansa, kuma mai takawa ne ke biya.

Amma ƙafa tana da iyaka. Gwamna Decaen na Faransa ya tsare ɗan Ingila Matthew Flinders, mai zana taswirar gaɓar Ostireliya, a tsibirin Moris tun 1803. Banks ya rubuta, abokansa na Faris sun sa baki, umurnin saki ya iso, gwamnan ya yi biris har 1810. Flinders ya koma gida jiki ya lalace, ya rasu a 1814, kwana ɗaya bayan fitowar littafinsa.