Mene Ne Ke Bayan Sama Ta Ƙarshe?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, wani ɗalibi a nan Dogon Dutsi ya tambaye ni: idan halitta tana da iyaka, mene ne bayanta? Wofi ne? Ya ce an tsawata masa a gida, wai tambayar kafirci ce. Ba kafirci ba ce. Manyan malamai sun riga shi yin ta.

Ibnu Sina ya ce samuwar wurin da babu komai cikinsa ba ta yiwuwa. Malaman Ash'ariyya suka ce tana yiwuwa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tambayi masana falsafa ko Allah ba Ya da ikon ƙara wa duniya girma da kamu ɗaya.

Ku duba, tulun da muke kira wofi, iska ce cike da shi. Ko tsakanin taurari akwai haske da ƙura. A 1929 masanin taurari Hubble ya nuna cewa tarin taurari suna ta nisantar juna, kuma har yau babu wanda ya hango gefen halitta.

Abin da ya wajaba mu ƙudurce shi ne: wuri, cike ko wofi, mai iyaka ko wanda ya fi ƙarfin awonmu, fararre ne, kuma babu wurin da ke kewaye Mahaliccinsa.

Iyaye, kada ku kori mai tambaya, ku kai shi ga malami. Yaron da aka rufe wa baki a gida zai kai tambayarsa inda ba a tsoron Allah.

Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum.